Yaron Da Ya Faɗi Magana Sau Goma

Yau na ajiye zancen taki da irin shinkafa, na ɗauko na ƙananan yara, 'yan shekara biyu zuwa biyar, waɗanda idan sun kama magana guda ba su sakinta sai sun ga abin da ya ture wa Buzu naɗi.

Ran nan bayan mun tashi daga taron ƙungiya na biya ta gidan wani ɗan'uwa a kan hanyar Bakura. Uwargida tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, ga goyo a baya. 'Yarta mai shekara uku ta zo ta tsaya kusa da ita da ɗan ƙoƙo a hannu, tana cewa, "Inna, kin ga ƙwaro. Inna, kin ga ƙwaro." Ni kuwa ina ƙirgawa a zuci. Sau tara ta faɗa, ba wanda ya tanka. A na goma uwar ta juyo da muciya a hannu, ta ce, "Ke! Na ji! Tafi ki ba ni wuri!" Yarinya ta fashe da kuka. Tilas uwa ta ajiye muciya ta shiga rarrashi, tuwo kuma ya yi gudaji. Maigida fa yana nan zaune bisa tabarma, bai fi taku biyar daga wurin ba, ya kara rediyo a kunne.

A ganina yawancin wannan naci na yara mu manya ne muke koya musu shi da hannunmu. Ku duba lissafin da yarinyar nan ta yi. Ta kira sau ɗaya, shiru. Sau biyar, shiru. Sau goma, aka juyo aka dube ta, har aka ɗauke ta. Ko da tsawa aka fara, ai dai an juyo. To, gobe sau nawa kuke tsammani za ta kira? Kowa ya san mai sayar da kaya a kasuwar Talata wanda ba ya sallamawa sai an daɗe ana ja-in-ja. Da zarar an gane halinsa, ba mai ƙara biyan kuɗin da ya fara faɗi. Yaro ma ɗan ciniki ne. Idan ya gane farashin kunnen uwarsa kira goma ne, kira goma zai riƙa biya kullum. Haka kuma idan ya roƙi alewa aka ce babu, ya yi ta naci, daga baya aka gaji aka miƙa masa don a huta, an sanar da shi ke nan cewa "babu" ɗin gidan nan tana narkewa in an daɗe a kanta.

Kafin mu ɗora wa yara laifin maimaici, mu saurari kanmu tukuna. Mutum biyu sun gamu a bakin kanal da safe. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina gida, lafiya lau. Sannu, yauwa sannu, sannu kadai. Jiya ma haka suka yi, gobe ma haka za su yi, ba kuwa wani sabon labari da ɗaya ya samu daga ɗaya. Amma bari ɗaya ya wuce bai amsa ba, ku ga yadda za a kwana ana zancen a gari. Abin da muke nema cikin gaisuwa shi ne a nuna an gan mu, an san da mu. Yarinyar nan mai ƙwaro a ƙoƙo gaisuwarta ke nan take yi, iyakar abin da ta iya.

Akwai kuma koyo a ciki. Harshe ba ya zama a bakin yaro sai da maimaici, kamar yadda hannu ba ya sanin fartanya da sara guda. Shi ya sa yake son a yi masa tatsuniyar jiya yau kuma, in ka canza wuri ɗaya ya gyara maka. A shekarar 2009 waɗansu masana uku a Amurka, Frazier da Gelman da Wellman, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan tambayoyin ƙananan yara. Suka ga cewa idan yaro ya tambayi dalilin abu aka ba shi bayani, yakan yarda ko ya wuce zuwa wata tambaya ta gaba. Idan kuwa aka ba shi amsar da ba bayani a cikinta, sai ya fi yawan sake tambayar nan ta farko. Watau yaron da ya ce, "Baba, don me ake dasa shinkafa cikin ruwa?" aka ce masa, "Haka ake yi," bai sami kome ba tukuna, shi ya sa ya dawo. Da an ce masa, "Shinkafa tana son ruwa, ciyawa da yawa kuwa ba ta iya tsiro a ƙarƙashinsa," da wataƙila tambaya ta gaba a kan ciyawa za ta zama.

Na san abin da waɗansu dattawa za su ce, na kuwa sha jinsa. Za su ce wannan sangarta yara ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma ba haka aka rene mu ba, ga mu mun zama mutane. Gaskiya ne, yaro yana bukatar horo, kuma bai kamata ya riƙa tsoma baki sa'ad da manya suke magana ba. Amma amsa wa yaro daban, biya masa kowace bukata daban. Kana iya duban yaro ka ce, "Na ji, alewa kake so. Babu yau, gama kuɗin na magani ne," ka tsaya a kan haka ko ya faɗa sau ashirin. Wannan shi ne horo. Yin banza da shi har sai ranka ya ɓaci ka kai masa duka, wannan gajiya ce ta yi maka yawa.

Batun yadda aka rene mu kuma, mu tuna da kyau. A da gida cike yake. Uwa tana iya jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta sake masa fuska a gaban mutane, amma ga kaka nan tana wasa da shi tana ce masa mijinta, ga gwaggo, ga yayye, ga matan 'yan'uwan uba. In kunne ɗaya ya toshe, akwai biyar a buɗe. Yau fa? Rashin zaman lafiya ya warwatsa gidaje da yawa a ƙasar Maradun da Bakura da Talata Mafara. Kaka tana wani gari, gwaggo tana wani, iyali sun matsu a ɗaki ɗaya na haya ko na aro. Kunya tana nan yadda take, kunnuwan da suke rufa mata baya ne suka tafi. Idan uwa da uba ba su ɗauki aikin kaka ba, ba mai ɗauka.

Uba fa na ce. Matar da ta tashi tun asuba, ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta kai abinci gona, ta dawo ta hau surfe, ba daidai ba ne a ce ita kaɗai za ta amsa tambaya ɗari a wuni. Mu maza muna da lokacin waya da rediyo da hira a gindin bishiya. Ɗan'uwan nan na kan tabarma, da ya ce, "Kawo in gani, wane irin ƙwaro ne?" da magana ta ƙare a kira na biyu, da kuma an ci tuwo mai laushi.

Abin yi ba shi da tsada. Tun kiran farko ko na biyu, ka dubi yaron ido da ido, ka mayar masa da maganarsa: "Ƙwaro kika kama? Baƙi ne kuwa." Sau da yawa iyakar abin ke nan, sai ka ga ya juya ya koma wasansa. In hannunka yana cikin aiki, ka ba shi lokacin da zai iya gani da idonsa. "An jima" ba ta da ma'ana ga ɗan shekara uku. Ka ce, "In na gama wannan kunya," ko "In na sauke tukunya." Sa'an nan ka cika, gama alkawari ɗaya da ka saɓa zai jawo maka naci na mako guda. In kana magana da baƙo, ka kama hannunsa ka riƙe, ya san ka san yana nan. In ya sake tambayar da ka riga ka amsa sosai, ka juya masa ita: "Me na ce maka ɗazu?" Yawanci zai faɗa daidai, har da murmushi. Yaron da aka ba shi ɗan aiki kuma, ya kori kaji daga shanya ko ya tsince tsakuwa daga wake, bakinsa yakan huta, domin yana tare da kai ke nan.

Kada wani ya ce wannan ba zancen raya karkara ba ne. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, daga 1986, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen waɗansu yara da rashin abinci ya tsumburar da su, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata yin wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara ashirin aka bi sawun yaran. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da wajen kashi 25 cikin 100. Hira da wasa ne kawai fa, da kayan wasan da aka haɗa a gida.

Akwai wani irin maimaici kuma da ba na neman alewa ba ne, shi ne ya fi damuna. Tun daren 26 ga Fabrairu 2021 da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, da abin da ya biyo baya cikin shekarar ta 2021 a kwalejin aikin gona ta Bakura da makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, yaranmu sun ji abin da bai kamata kunnensu ya ji ba. Muna zancen a gabansu muna tsammani ba su fahimta. Sai dare ya yi ka ji yaro yana cewa, "Baba zai dawo daga gona?" An amsa masa, ya sake. An amsa, ya sake. Wannan yaro tsoro ne yake cinsa, tsawa kuwa ƙara masa take yi. Ka jawo shi jikinka. Ka ba shi amsa gajera, ta gaskiya, da kalmomi iri ɗaya kowane dare, ku yi addu'a tare. Kada ka rantse masa da abin da ba ya hannunka. Labarin wanda aka sace da wanda aka kashe kuma a bar shi sai yara sun yi barci.

Mu mutanen Bakolori bai kamata a koya mana zafin magana ba amsa ba. Bayan an gama dam a 1978, manoma sun yi ta kai kuka a kan diyyar gonakinsu da itatuwansu, suna faɗa suna sakewa, har ta kai ga tare hanyoyi, har abin da ya faru a Afrilu 1980 ya faru, aka rasa rayuka. Ba na gwama wannan babban al'amari da kukan yaro a bakin murhu. Amma wanda ya san ɗacin tsayawa a ƙofar ofis yana nanata magana ɗaya, ya kamata ya gane fuskar ɗansa sa'ad da yake tsaye a gabansa.

Cikin Littafi Mai Tsarki ma, a 1 Sama'ila sura 3, yaro Sama'ila ya tashi tsoho Eli daga barci har sau uku cikin dare ɗaya, da magana ɗaya. Eli bai zage shi ba, ya amsa masa kowane zuwa, a na uku ne kuwa ya gane Ubangiji ne yake kiran yaron. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar mata suna iya ɗaukar wannan sura su tattauna a kanta da iyaye.

Sai gargaɗi game da lafiya, kada a yi wasa da shi. Wani yaro yana sake tambaya ne domin bai ji amsar ba. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a ƙasar nan a 1996 da kuma 2017, yana barin waɗansu da kurumta. Haka ƙyanda, haka kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Ka tsaya a bayan yaron inda ba ya ganin bakinka, ka kira sunansa a hankali, ka gwada ta dama, ka gwada ta hagu. In ba ya juyowa, ko kuwa ya wuce shekara uku amma abin da aka faɗa masa kaɗai yake mayarwa kamar aku, ba ya haɗa tasa magana, ba ya duban mutane a ido, to a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Kada a ɗura masa man ja ko ruwan ganye a kunne. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, a nemi takardar zuwa Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Ƙungiyar da take iya haɗa kuɗin buhun taki tana iya haɗa kuɗin motar uwa da ɗa, a sa wannan cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa.