Daga Yawuri zuwa Lakwaja a Kwalekwale

Ina goyon bayan duk matashin da ya ƙudiri aniyar tuƙa kwalekwale a kogin Kwara, daga Yawuri har Lakwaja inda ya haɗu da Binuwai, amma da sharaɗin ya yi shiri na haƙiƙa. Wannan kogi, mai tsawon kilomita sama da 4,000 daga tsaunukan Gini zuwa teku, ba abin wasa ba ne. A duwatsun Busa da ke cikin kogin ne Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806. Yau tafkin Kainji ya shanye tsohuwar Busa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, sai dai haɗarin ya sake kama ne kawai: kututturan itatuwan da ruwa ya binne suna nan a ƙasa suna jiran cikin jirgi, kuma da la'asar ta yi iska na iya tayar da igiyar da filafili ba ya iya mata. Ga madatsun Kainji da Jebba, dole a san yadda za a kewaye su tun kafin a bar gida. Taswirar waya za ta nuna maka lanƙwasar kogi, amma Sarkin Ruwa da Sarkawan da suka tashi a bakinsa su ne suka san inda dorina ke kwana da gaɓar da babu tsaro a wannan makon. Ka kai musu gaisuwa, ka saurare su, ka yada zango kafin magariba. Don Allah kada ka shiga ruwan nan ba tare da rigar kariya a jikinka ba.