An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan a bakin mahukunta da masu sharhi a gidajen rediyo, har ta shigo makaranta ta sami mazauni a bakin wasu malamanmu da 'yan'uwanmu ɗalibai, wai babur shi ne annobar da ta cinye ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wai in aka raba mutanen karkara da shi an yanke wa ɓarayin daji ƙafa. Wannan magana kuwa ta haifi ƙanwarta, watau duk samarin da suka haɗa ayari su goma ko ashirin, suka ɗaure kaya a bayan baburansu don su yi doguwar tafiya tare, to ko dai marasa aikin yi ne, ko kuwa abin tuhuma ne. Ni ban yarda da uwar maganar ba, balle 'yarta, kuma ina roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa in faɗi dalilina.

Ba na musun cewa ɓarayin nan a kan babur suke zuwa. A watan Yuni na 1920 da ake ba da labarin mahara a kan dawaki ba ne muke magana, a watan Yuni na 2020 ne suka shiga Kadisau ta ƙasar Faskari a jerin babura, suka kashe mutane da dama. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara da dare suka auka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora yara cikin daji kamar ana korar awaki, sai ran 17 ga wata aka karɓo 344 daga cikinsu ta wajen Tsafe a Jihar Zamfara. Duk wanda ya san waɗannan garuruwa ya san cewa ƙarar babura da yawa a lokaci guda ta isa ta sa mace ta bar tukunya a kan murhu ta suri goyonta. Wannan tsoro na gaskiya ne, ba kuma ni ne zan raina shi ba.

Amma fa a duba lissafin shekaru. Tun a watan Mayu na 2019 rundunar soja ta ba da sanarwar hana hawa babur a dazuzzuka da lungunan jihohi bakwai, har da Katsina da Zamfara da Kaduna. Watau an yi Kadisau da Ƙanƙara ne bayan an hana, dokar tana nan a rubuce. Sa'an nan a ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a wata doka mai faɗi. Aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana sayar da fetur a jarka, aka keɓe gidajen mai biyu kawai a kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa, kada kuma su sayar wa mutum fiye da na Naira 5,000. Aka hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Caranci, aka hana goyon mutum uku, aka hana hawa babur daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin bakin daji. A watan Satumba aka ƙara da katse layukan waya. Ba a daɗe ba, a watan Yuli na 2022, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya fito daga taron Majalisar Tsaro ta Ƙasa ya ce ana tunanin hana babur a Nijeriya baki ɗaya.

To, wa ke bin doka? Wanda ya iya kashe liman a masallaci, shi ne zai duba agogo ya ga shida ta yi ya jingine babur? Ɓarawon daji ba ya bin titin kwalta balle ya tarar da shingen 'yan sanda, ba ya shiga layi a gidan mai, mansa ana kai masa har sansani a farashin da mai kaiwa ya ga dama. Wanda dokar ta kama shi ne manomin da ke neman galan guda don injin ban-ruwa, da mai injin niƙa, da ɗan acaɓa da ke ci da mutum goma da wannan babur ɗin, da magidancin da naƙuda ta kama matarsa bayan magariba, asibiti kuma yana can bakin titi. Daɗin daɗawa, a cikin wannan shekara ta 2021 aka ji gwamnan da kansa yana cewa jama'a su tashi su kāre kansu. A ce wa mutum ya kāre kansa, a kuma karɓe abin da zai gudu da shi da wayar da zai kira maƙwabta, ai wannan an ɗaure shi ne aka ce ya yi dambe.

Masu son hani sukan kawo misalin Kano, inda aka hana acaɓa a watan Janairu na 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, garin kuma bai rushe ba. Haka ne, amma a Kano akwai kwalta, akwai A Daidaita Sahu da bas da tasi. A tsakanin ƙauyukan Sabuwa, da damina in laka ta kama hanya, abin hawa biyu ne kawai, ƙafarka da babur. Ba kuma jiya babur ya shigo ƙasar nan ba. Tun da kuɗin Udoji suka faɗo hannun ma'aikata a 1975 malaman makaranta suka fara sauka daga keke, a shekarar kuma aka buɗe Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, malaman gona suka riƙa ratsa ƙauyuka da irin shuka da shawarar taki. Babur ya yi wajen shekara arba'in yana ɗaukar buhun masara da akwatin allurar rigakafi kafin ya ɗauki bindiga.

Yanzu in zo ga ƙanwar maganar, wadda ta fi ci mini rai, watau raina tafiyar ayari. Duk ɗalibin Hausa ya san cewa Bahaushe matafiyi ne, kuma bai taɓa yin doguwar tafiya shi kaɗai ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya kafin su ga kasuwar Salaga, da jakunansu da kanwa da tufafi, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu da ta shahara da 'yan fashi. Me ya sa suke tafiya ɗaruruwa? Saboda hanya ba lafiya. Rashin tsaro shi ya haifi ayari, shi ya kuma ba shi tsarinsa. Akwai madugu, mai yanke ranar tashi da wurin kwana, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da zango, akwai uban dawaki mai shiga tsakani da sarakunan hanya a kan fito da gaisuwa, akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a. Ba a barin gajiyayye a baya, ba a kuma tashi sai an ƙirga. Daga irin wannan makaranta Alhassan Ɗantata ya fito, wanda daga baya ya zama babban attajirin Afirka ta Yamma.

Ayarin babura na abokai, in an yi shi yadda ya kamata, wannan tsari ne ya sake riga. Wanda bai taɓa yini a kan babur ba yakan ɗauka zama ne kawai da murɗa hannu. Bayan 'yan sa'o'i kafaɗa takan sage, baya ya ƙage, hannu ya mutu saboda girgiza, in da hunturu ne ƙura ta cika ido leɓe ya tsage, abin da ya fi haɗari kuma shi ne gyangyaɗin da ke zuwa bayan azahar ba sallama. Saboda haka masu abin sukan sa wanda ya san hanya a gaba, sabon shiga a tsakiya, bakanike a ƙarshe da jakar kayan aiki, famfo da faci da filogi da wayar kuloci da ɗan baƙin mai na shafa wa sarƙa. Ana tafiya da saurin wanda ya fi kowa rauni, domin in ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya. Ana lissafin mai tun daga gida, a san inda za a sha da inda babu. Ana tsayawa salla da shan ruwa kafin gajiya ta nemi a tsaya, a kuma shiga zango kafin rana ta faɗi. Yaron da ya yi irin wannan tafiya daga Katsina ta Dutsinma da 'Yantumaki zuwa Ƙanƙara, ya faɗa Funtuwa, ya bi ta Ɗandume ya kwana Sabuwa, ya koyi haƙuri da biyayya da riƙon amana fiye da abin da lacca goma za ta koya masa. Ya kuma ga farar ƙasar Ƙanƙara da gonakin audugar Daudawa da idonsa, ya ji yadda Hausar kudancin Katsina ke karkata daga ta birni, abin da mu kan zauna a aji muna zana wa taswira ba mu taɓa ji ba.

Abin mamaki, in wani ya yi daga nesa mukan tafa masa. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur ran 19 ga Afrilu, ya iso Legas ran 29 ga Mayu, ya yi fiye da kilomita 12,000 don yaƙi da cutar shan-inna, jaridu suka yi ta yabo, kuma ya cancanta. Tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ta Agadas da Yamai ya bi, a gaban Hausawan Nijar. Da aka soke shi a 2008 saboda barazanar 'yan bindiga a Muritaniya, sai masu shi suka kwashe kayansu suka koma Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya. Su suna da wata duniyar da za su koma. Saurayin Faskari kuwa, in aka ce hanyarsu ta haramta gare shi, ina zai kai nasa baburin?

Ga abin da ya faru a sakamakon wannan raini. Ilmin doguwar tafiya bai mutu ba, hannu ya sauya. Yau waɗanda suka fi kowa iya tafiyar ayari a ƙasar nan su ne ɓarayin. Su ke tashi daga dajin Rugu ko Kuyambana su ɓulla Birnin Gwari ko Jihar Neja, goyo bibbiyu da uku-uku, da madugunsu da jagabansu da bakanikensu da masu kai musu mai. Sun san darajar abin har sukan sa sabon babur a cikin kuɗin fansa, su faɗi kirar da suke so, har wata kirar Honda ta sami laƙabin Boko Haram a kasuwa. A watan Satumba na 2025, da aka yi zaman sulhu a ƙasar Faskari, jama'a sun gan su sun iso a jere da makamansu a kafaɗa, ba wanda ya tambaye su takardar babur. A ƙasar da ɗan makaranta zai sha tambaya a shinge don sun jero su biyar, wannan abin kunya ne ga hukuma, mu ma da muka yi shiru bai bar mu ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce samarinmu 'yan ganganci ne, a dubi yadda suke wasa da babur ranar ɗaurin aure, a dubi yadda a 2009, da aka tilasta sa hular kwano, wasu suka kifa ƙwarya a ka. Gaskiya ne, kuma wannan ita ce hujjata. Ganganci ɗan rashin madugu ne. Yaron da ba wanda ya taɓa ɗora masa nauyin ran abokinsa a hanya, shi ke ɗaga tayar gaba a tsakiyar kasuwa. Za a kuma ce ayarin samari ba makami ba zai tare harsashi ba. Wannan ma haka ne, ba kuma cewa na yi a kwashi ɗalibai a shiga daji neman suna ba. Fataken da suna tafe da 'yan baka da masu bindiga nasu, yau kuwa makami na gwamnati ne, saboda haka rakiya aikinta ne. In an iya raka motocin manya daga Katsina zuwa Funtuwa da jiniya, ana iya raka ayarin talakawa ranar kasuwar Sheme.

Abin da nake nema ba shi da wuya. A yi wa kowane babur lamba a ƙaramar hukumarsa da shaidar mai unguwa, kuɗin kuma ya zama wanda ɗan acaɓa zai iya biya. A bi sawun dillalan da ke sayar da sababbin babura goma a rana ɗaya ga mutumin da ba shi da shago, da masu lodin jarkoki da dare, domin nan jakin yake tsaye. A bar samari su kafa ƙungiyoyin tafiya masu rajista, kowace da madugunta da aka sani, su kai sunayensu da hanyarsu ga hakimi da ofishin 'yan sanda kafin su tashi, jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 su san da zuwansu a kowane zango. Mu kuma da ke jami'o'in jihar nan, akwai ɗaruruwanmu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke komawa gida kowane hutu ɗaya-ɗaya, kowa da fargabarsa. Ƙungiyoyin ɗaliban waɗannan garuruwa su zauna kafin hutu mai zuwa su sa rana guda, su zaɓi madugu, su rubuta wa shugabannin ƙananan hukumomin uku takardar neman rakiya, a tashi da hantsi a iso kafin la'asar.