Rikicin Jam'iyyun Ingila Da Allurar 'Ya'yanmu

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan mutumin Gwaram da wanda Turawan Ingila suka naɗa shugaban jam'iyya? Ai tun ran 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutarsu, Razdan da Di'o suka ɗaure kayansu suka tafi. To, da ruwansa, kuma ruwan ya fi yawa a ɗakin shan magani na ƙauyensu.

A Ingila jama'a ba su zaɓen Firayim Minista da hannunsu. Wakilai su ke zaɓe, sa'an nan shugaban jam'iyyar da ta fi yawan wakilai a Majalisa shi ne ya ke kafa gwamnati. Saboda haka in jam'iyya mai mulki ta sāke shugaba, ƙasa ta sāke shugaba ke nan, ba sai an koma wurin talakawa ba. Daga 2016 zuwa 2024 mutum shida suka zauna a kujerar: David Cameron, Theresa May, Boris Johnson, Liz Truss, Rishi Sunak, da Keir Starmer. Huɗu na tsakiya duk ta ƙofar takarar cikin jam'iyyar Konsabatif suka fara shiga. A 2022 kaɗai an yi uku. Liz Truss ƙuri'a 81,326 ta 'yan jam'iyya ta ba ta mulkin ƙasa mai mutum wajen miliyan 67, ta yi kwana 49, ta rikita kasuwar kuɗi, ta sauka. Dā ma abin ya fi haka. A 1957, da rikicin Suwez ya ka da Anthony Eden, ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba wajen ɗora Harold Macmillan. Dattawan jam'iyya ne suka yi shawara aka kai wa Sarauniya suna, kamar yadda Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ke yi a Kano. Sai a 1965 wakilansu suka fara zaɓen shugaba da ƙuri'a. Su ne kuwa malamanmu na dimokuraɗiyya.

Mai neman shugabancin jam'iyya a irin wannan tsari 'yan tsirarun mutane ya ke lallashi, kuma lalle sai ya yi musu alkawarin tsimin kuɗi. In ya ce zai rage na tsofaffi, tsofaffi suna da ƙuri'a. In ya ce zai taɓa na asibitocinsu, jaridu su cinye shi ɗanye. Kuɗi ɗaya ne za a yanke ba mai ƙuri'a ya yi kuka, watau kuɗin taimakon ƙasashen waje. Mace mai naƙuda a Basirka ba ta da wakili a Majalisar Landan.

Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram sun san wannan kuɗi ko da ba su san sunansa ba. A 1997 gwamnatin Leba ta Tony Blair ta kafa ma'aikata ta musamman ta raya ƙasashe, wadda aka sani da DFID, Jigawa kuwa ta zama cikin jihohin da ta fi mai da hankali a kansu. Da kuɗinta aka yi shirin PATHS na gyaran kiwon lafiya, da shirin PRRINN na farfaɗo da allurar rigakafi a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, da shirin ESSPIN na makarantun firamare wanda ya fara a 2008. Tsarin Gunduma da jihar ta kafa a 2007 domin haɗa ƙananan asibitoci da manya ƙarƙashin riƙo ɗaya, da hannunsu a ciki. An horar da ungozomomi da malamai, an kafa kwamitocin iyaye a makarantu, an gyara hanyar da magani ya ke bi daga sito har ƙauye. Ba mu musun wannan, kuma wanda ya yi maka alheri ba ka hana shi godiya. Abin da mu ke ƙi shi ne yadda mahukuntanmu suka miƙe ƙafa, suka mai da gudummawa kamar gādo.

Ga yadda gādon ya zagwanye. A 2015 Majalisar Ingila ta yi doka cewa cikin kowane fam 1,000 na abin da ƙasar ta samu a shekara, za a ware fam 7 domin taimako. A zaɓen 2019 Konsabatif ta rubuta a takardar alkawarinta cewa ba za ta taɓa shi ba. Shekara ba ta cika ba Boris Johnson ya rushe DFID, ya cusa ta cikin Ma'aikatar Harkokin Waje a watan Satumba 2020. A watan Nuwamba, Rishi Sunak, yana Ministan Kuɗi a lokacin, ya ce annoba ta ci baitulmali, fam 7 ya koma fam 5. Cikin ragowar ma, a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu bai bar Ingila ba, an kashe shi can wajen saukar da masu neman mafaka, da yawansu a otal-otal, aka rubuta shi a littafi da sunan taimakon ƙasashen waje.

Waɗansu a nan suka ce a yi haƙuri, in Leba ta dawo za ta gyara, ai ita ta haifi DFID. Leba ta dawo a watan Yuli 2024, da alkawarin komawa fam 7 in hali ya yi. A watan Fabrairu 2025 Keir Starmer ya tsaya gaban Majalisa ya ce daga 2027 fam 5 zai koma fam 3, a zuba abin da aka rage cikin sha'anin soja, saboda yaƙin Rasha da Yukren da kuma matsin Amurka. Ministar da ke riƙe da sashen taimakon, Anneliese Dodds, ta ajiye aikinta don ba ta yarda ba. A wannan shekara ce kuma Amurka ta rufe tata hukumar, USAID. Manufar Ingila a waje ba ta taɓa zama sadaka ba, kuma ba yau muka sani ba. Tun 1960 ta ɗaura mana yarjejeniyar tsaro a gindin 'yancin kai, sai da ɗalibai da 'yan hamayya suka tashi tsaye aka soke ta a watan Janairu 1962.

Wani abin da ya kamata a tuna shi ne murnar da aka yi a Nijeriya ran 2 ga Nuwamba 2024, sa'ad da Kemi Badenoch ta ka da Robert Jenrick ta zama shugabar Konsabatif. An ce 'yar gida ta hau, tun da a Ikko ta tashi. Wata guda bayan haka ta gaya wa wata mujalla ta Ingila cewa ita Bayarabiya ce, ba abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, ta kuwa ambaci Boko Haram a wurin, kamar mu muka haife ta ba mu ta kashe ba. Da Starmer ya yanke kuɗin taimako, ita ce ta tashi a Majalisa tana cewa shawararta ya bi. Ba mu ga laifinta ba da ta yi wa masu zaɓenta aiki. Laifin na wanda ya ɗauka launin fata ko sunan kaka zai saya wa Gwaram magani ne.

In da mai shakka, ya dubi abin da suka yi wa nasu. A 2012 gwamnatin Ingila ta amince da gina sabuwar hanyar jirgin ƙasa mai gudun gaske, HS2, daga Landan zuwa Bamingham, sa'an nan ta rabu biyu, reshe ɗaya zuwa Manchesta, ɗaya zuwa Lids. Kuɗin da aka ƙiyasta fam biliyan 30 da 'yan kai ne. Babban dalilin da aka bayar shi ne a ɗaga arewacin Ingila, inda masaƙu da ma'adinai suka mutu, mutane suka daɗe suna kukan Landan ta cinye kome. Kuɗin aikin ya yi ta hauhawa. A 2021 aka datse reshen Lids. Ran 4 ga Oktoba 2023 Rishi Sunak ya soke na Manchesta, kuma a cikin birnin Manchesta ya faɗa, a taron jam'iyyarsa, bayan an riga an sayi gidaje da gonakin mutane a kan hanyar. Abin da ya rage shi ne sashen kudu. Mutanen da aka yi wa haka suna da ƙuri'a, suna da wakilai, suna da jaridu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma kada mu cika dariyar Turawa, gama namu ya fi muni. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri. Shekara 15 suka wuce sashen Kano zuwa Wudil da Shuwarin, wanda duk mai zuwa Birnin Kudu daga Kano ya ke fara bi, bai ƙare ba. A damunar 2021 gada ta karye a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka, mutum fiye da 20 suka rasu. Wannan ba Johnson ba ne, ba Starmer ba ne. A Ingila aƙalla wanda ya soke aiki ya tsaya gaban jama'a ya ce na soke, ya sha zagi, jam'iyyarsa ta sha kaye a 2024. A nan ba a soke aiki, sai dai a bar shi ya tsufa, kowace shekara a sāke rubuta shi cikin kasafi.

Ba kuma za a ce mana babu kuɗi ba. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, talaka ya ke biya a tasha da kasuwa, rabon da jihohi da ƙananan hukumomi su ke karɓa daga Abuja kuwa ya ƙaru ƙwarai. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A birnin Abuja ne kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kowace ƙasa za ta ba kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi a ranar, ba ta taɓa kai wa can ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jigawa ta fito ta gaya wa jama'a, a rubuce kuma da Hausa, waɗanne ayyuka ne na asibiti da makaranta a Birnin Kudu da Gwaram su ke tafiya da kuɗin Ingila ko na Amurka, nawa ne a shekara, wanne ya riga ya tsaya, kuma daga wane layi na kasafi za a cike gurbin. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu su liƙa a ƙofar sakatariya abin da ya shigo musu kowane wata da abin da suka kashe a ɗakunan shan magani. Wakilanmu na Dutse da na Abuja su ta da maganar a zauren Majalisa, ba a wurin ɗaurin aure ba. Ragin da Ingila ta sanar zai cika a 2027, shekarar da 'yan takararmu za su zo Babaldu da Basirka neman ƙuri'a, kuma za mu buga amsar kowannensu a wannan shafi.