A Fara Gwada Ta A Hannun Mai Albasa

A cikin watan Agusta na shekarar 2020, ma'aikatan bankin Citibank na ƙasar Amurka suka tashi biyan kuɗin ruwa na wani bashi da ake bin kamfanin Revlon, wajen dala miliyan 8. Wayewar gari sai aka tarar kusan dala miliyan 900 ne suka fita. Mutum uku ne suka duba aikin, kowa ya amince. Manhajar kwamfutar da suke aiki da ita tana bukatar a cika gurbi uku kafin uwar kuɗin ta tsaya, su kuwa guda suka cika, domin sunansa ne ya yi daidai da nufinsu. Sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da ya bar wa masu bin bashin wajen dala miliyan 500.

To, in ruwa ya ci gwanaye haka, ina ga mai albasa a kasuwar Mile 12, ko ɗan acaɓa a Agege, ko mai goro a Sabon Ibadan? Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa dubbansu aika kuɗi gida ta wayar hannu. Rubutun na Turanci ne, lambar asusu guda 10 ce, kafin ya gama karanto ta daga 'yar takarda layin ya katse. In ya yi kuskure, kuɗin cefanen iyali na wata guda ya faɗa hannun baƙo, sa'an nan a ce rashin iliminsa ne. Alhali kuwa ƙofar da kowa ke tuntuɓe a bakinta, magini ya kamata a tuhuma.

Maganin ba boyayye ba ne, ba shi kuma da tsada. Kafin a saki manhaja, a miƙa wa mutum waya, a ce ya aika naira dubu biyar Funtuwa, mai ƙirar ya zauna gefe ya kame bakinsa. Duk inda yatsan mutumin ya tsaya yana shakka, nan gyara yake. Masanin wannan fanni Jakob Nielsen ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono wajen kashi 85 cikin 100 na irin waɗannan matsaloli. Amma fa da sharaɗi: biyar ɗin su kasance irin waɗanda za su yi aiki da abin. Samari biyar masu digiri a ofishin Ikoyi, ba shakka za su ce komai lafiya lau.

Kamata ya yi Babban Bankin Nijeriya ya riƙa neman shaidar irin wannan gwaji kafin ya ba da izini. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa kuwa su nemi a zo rumfuna a yi shi, cikin rana da hayaniya, da irin ƙananan wayoyin da jama'a ke riƙe da su. Bukatar farko da za su kai ita ce, sunan mai karɓa ya fito da manyan baƙaƙe, wayar ta kuma faɗe shi da Hausa kafin kuɗi ya tashi.