Sharhi: Daga Agadir zuwa Damagaram, wa ke biyan kuɗin manyan wasanni?

A ƙarshen watan Satumban 2025 matasan Maroko suka cika tituna suna cewa asibiti suke so kafin filin ƙwallo. Abin da ya tunzura su shi ne mutuwar mata takwas masu haihuwa a asibitin gwamnati na Agadir, a daidai lokacin da ƙasar ke zuba maƙudan kuɗi a filayen gasar cin kofin Afirka da ta kofin duniya ta 2030. Ga mutumin Damagaram wannan ba baƙon zance ba ne. Ya gani da idonsa a 2005.

A shekarar ce fari da farin dango suka bar rumbuna wayam, hatsi ya yi tsadar da talaka bai taɓa gani ba, mutane sama da miliyan uku suka shiga matsalar abinci, musamman a jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram. Tun a watan Maris jama'a suka rufe kasuwanni don adawa da harajin kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi. A watan Agusta babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, ya zo Zinder da kansa ya ga yaran da tamowa ta kwantar. A cikin watan ne kuma shugaba Tandja Mamadu ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. Wata huɗu bayan haka, daga 7 zuwa 17 ga Disamba, Yamai ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na biyar, har da sabuwar unguwar da aka gina wa baƙi.

Masu kare gwamnatin wancan lokaci suna da hujja: an ɗauki alkawarin tun shekaru kafin damina ta gaza, kuma wani ɓangare na kuɗin daga ƙasashen waje ya fito, ba za a iya mai da shi gero ba. To, mun ji. Amma tsadar babbar gasa ba a baitulmali kaɗai take ba. Gwamnatin da ke jiran baƙi daga ƙasashe da dama ba ta son a ji kalmar yunwa a gidanta, kuma duk makon da aka ɓata ana gardama kan sunan da za a ba bala'in, akwai yaron da bai kai ga cibiyar jinya ba. A ganina wannan ne kuɗi mafi nauyi da aka biya, kuma ba mutanen Yamai suka fi biyansa ba. (Ita kanta ƙungiyar da aka yi wa wannan hidima, Nijar ta fice daga cikinta a watan Maris na 2025.)

Sai kuma abin da ya rage bayan an watse. Nijar ta shirya gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, ta sake shirya ta 'yan ƙasa da 20 a 2019 a Yamai da Maraɗi. Ba a yi nisa ba hukumar CAF ta ce filin Seyni Kountché bai cika sharuɗɗa ba, Mena ta koma karɓar baƙinta a Kwatano, Lome da biranen Maroko. Wato wasan gida, amma sai an sayi tikitin jirgi an kama otal. Gina fili ko yi masa fenti yana da ranar yanke zare da hoto a talabijin. Ciyawa, fitilu da ban ɗaki kuwa kasafin kowace shekara suke ci, kuma babu mai samun tafi a kansu.

Damagaram ba ta samu ko wasa ɗaya a waɗannan gasa ba. Abin da ta samu mai kama da su shi ne Zinder Sabuwa, bikin 18 ga Disamban 2018, wanda ya kawo kwalta, fitilun titi da sabbin gine-gine. Garin ya yi kyau, babu mai musu. Sai dai da bazara ta kama, layin jarkoki ya dawo bakin famfo a Garin Malam da Kara-Kara, ƙarancin ruwan da yana cikin dalilan da Turawa suka bayar na ɗauke babban birni zuwa Yamai a 1926.

Kokowar gargajiya ta fi kusa da ƙarfin aljihunmu. Gasar takobi tana zagaya jihohi tun 1975, filin Langa-Langa na Zinder yana cika maƙil idan zagayen ya zo, mai tuwo da ɗan kabu-kabu suna samun nasu, kuma babu wata hukuma daga waje da za ta zo ta ce ƙasar filin ba ta yi ba.