Cinikin Abinci ta Wayar Hannu: Me Shari'a Ta Ce?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, wanda ya tilasta wa mutanen karkara koyon tura kuɗi ta waya, ciniki ya ɗauki wani salo a ƙasarmu. Falke yana zaune a Dogon Daji, ko Tambuwal, ko Kebbe, sai ya ɗauki hoton buhunan gero ko albasa, ya aika ta WhatsApp ga wani a Sakkwato ko Ikko, a yi ciniki, a tura kuɗi, alhali mai saye bai taɓa buhu ko ɗaya da hannunsa ba. Tambayoyi sun yawaita a kan wannan.

To, malaman mazhabar Malikiyya sun riga mu magana a kansa, ko da yake ba su ga waya ba. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cikin Risala cewa sayar da abin da ba ya gaban ido halal ne, in an siffanta shi. Idan kaya suka iso daidai da siffa, ciniki ya tabbata, in kuwa sun saɓa, mai saye yana da zaɓi. Hoto kuwa, a ganinmu, siffa ce kawai, kuma siffar da ba ta wuce bakin buhu. Shi ya sa muke cewa sana'ar falke a yau ta haɗa da iya rubuta bayani: iri kaza, tiya kaza a buhu, sabon girbi ne ko na bara, akwai tsakuwa ko babu.

Kowa ya san abin da Muslim ya ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya zargi mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Wanda ya jera manyan albasa a baki ya ɗauki hoto, ruɓaɓɓu na ƙasa, algus ɗin nan ne ya yi, har ma nasa ya fi muni, domin wancan mai saye yana da hannun cusawa, wannan kuwa ba shi da shi.

Sai ku ma'aikatan gwamnati, waɗanda albashi ya gaza, kuka shiga fatauci daga kan teburin ofis. Ba mu hana ku neman halal ba, in dai ba lokacin aikin da ake biyanku kuke ci ba. Amma ku kula: wanda ya sayi abinci da awo, ko ma'auni, ko ƙirge, bai halatta ya sayar da shi ba sai ya karɓe shi, shi ko wakilinsa. Sau da yawa buhu yana nan a rumbun manomi a Kuchi, amma hotonsa ya shiga hannu uku, kowa ya ɗora riba, ba wanda ya auna ko tiya guda. Mafita ba wuya: ka naɗa amintacce a can ya auna, ya karɓa da sunanka, sa'an nan ka sayar.

Batun wanda asara ke kansa in mota ta faɗi da kaya a hanyar Jega, sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.