Abin Da Za Mu Koya Daga Masu Karantar Da 'Ya'yansu A Gida

Akwai wata magana da mu ke so mu kawo gabanku, ko da ya ke mun san waɗansu za su ce muna zuba wa tuwonmu ƙasa. Mu da a ke horonmu don mu tsaya gaban aji, ina ruwanmu da yabon mutanen da ba su kai 'ya'yansu aji ba? To, ku saurara tukuna.

A ƙasar Ingila an yi wata malama, sunanta Charlotte Mason, an haife ta cikin 1842, ta rasu cikin 1923. Cikin 1886 ta fitar da littafi a kan yadda iyaye za su karantar da 'ya'yansu ƙanana a gida. Daga baya ta zauna a Ambleside, wani ɗan gari da ke tsakanin duwatsu da tafkuna a arewacin Ingila, ta buɗe makarantar horon malamai mata cikin 1892, watau irin aikin da a ke yi mana nan. Ita da mataimakanta su kan aika wa iyaye tsarin karatu na kowane zango a wasiƙa, da tambayoyin jarrabawa, har iyalan da aiki ya kai su ƙasashe masu nisa. Bayan an yi shekaru an kusa mantawa da ita, sai wani littafi da ya fito cikin 1984 ya tuna wa mutanen Amurka da hanyarta, iyaye da yawa kuwa suka kama.

Ga yadda yini ya ke tafiya a irin wannan gida. Yaro ba ya fara darasi sosai sai ya kai shekara 6. Da safe, bayan an karya kumallo, uwa ta kan zauna da yara, kowane darasi na ƙananansu ba ya wuce minti 10 zuwa 20. In an yi lissafi, sai a bi shi da abin da ba lissafi ba, don kada hankali ya gaji. Uwa ta kan karanta labari sau ɗaya tak, ba ta maimaitawa, sa'an nan yaro ya mayar mata da abin da ya ji da bakinsa. Tun da ya san ba za a sake ba, ai tilas ya kasa kunne. Kafin abincin rana an rufe littattafai.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne fita. Malamar nan ta nemi a bar yara ƙanana a waje sa'a 4 zuwa 6 a kowace ranar da gari ya yi kyau, tun daga Afrilu har Oktoba, lokacin da sanyin ƙasarsu ya ke sauƙi. Uwa ta kan ɗauki guzuri, su nufi wani fili ko bakin rafi. In sun isa ta kan ce su je su dubo wancan tudu ko waccan bukka, su dawo su faɗa mata abin da suka gani. In ɗaya ya ce ya ga itace, sai ta tambaye shi yadda ganyensa ya ke da yadda ɓawonsa ya ke, ba za ta gaya masa sunan itacen ba sai ya siffanta shi yadda za ta gane. Wani lokaci kuma su ƙura wa wuri ido, su rufe idanu, su faɗi abin da ke gabansu. Kowane yaro yana da littafinsa da ya ke zana fure ko tsuntsu a ciki, ya rubuta ranar da ya fara ganinsa a shekara. Su kan zaɓi itatuwa kaɗan su riƙa kai musu ziyara tun suna tsirara har su yi toho, su yi fure, su zubar da ganye. Su kan koyi gabas da yamma da rana da inuwa, su auna nisa da taku. An kuma gargaɗi uwar kada ta cika surutu, ta bar idon yaro ya yi aikinsa. Wannan gargaɗi, in za mu faɗi gaskiya, mu ya fi kama, gama wanda ya saba da alli ba ya son yin shiru.

Abin da ya sa mu ke wannan magana, ga shi. Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makaranta, ɗaya daga cikinmu ya yi darasi a kan gawo. Ya kwana yana shiri, ya zana itacen a babban allo da kyau, ya gaya wa yara cewa gawo ya kan zubar da ganye da damina, ya yi ganye da rani, saɓanin sauran itatuwa. Yara suka rera a bayansa sau uku, suka kwafe. Duk wannan kuwa ga gawo tsaye a bayan aji, ba nisan jifa ba, tumaki na kwance a inuwarsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Babu wanda ya waiwaya, har mu da ke zaune a baya muna ba shi maki. Da aka tashi muka tambayi wani yaro me ya sa manoma ba su sare gawo a gona, ya ce hatsi ya fi kyau a ƙarƙashinsa, ubansa ya nuna masa. Amma a aji bai buɗe baki ba, don yana tsammani gawon allo daban, gawon gona daban. Ashe mun koya masa cewa abin da ya sani daga gida ba ilimi ba ne. Wannan ɓarna ce babba, da hannunmu kuwa muka yi ta.

Kada kuma a ɗauka karatun gida baƙon abu ne gare mu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu cikin 1864, a cikin gidansu ta fara samun ilimin da ta raba wa mata ta hannun 'yan taru. Da yawanmu ma a zauren gidanmu muka fara ɗaukar allo. Uban da ya tafi gona da ɗansa, ya nuna masa shamuwa ya ce damina ta kusa, ya nuna masa Kaza da 'Ya'yanta a sama da dare, ya bambanta masa gero da maiwa, ai fita ce irin ta malamar Ambleside, sai dai babu littafin zane.

To, ba mu ce a rufe makarantu ba, Allah ya sawwaƙe. Iyalan da suka fara bin hanyar malamar nan galibinsu masu hali ne, uwa ta yi karatu, akwai masu aiki a gida. Matar da za ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi sana'ar da za a ci, ina ta ga sa'a 6 na yawo? Yaron da ba ya cuɗanya da 'ya'yan wasu kuma, yaushe zai koyi haƙuri da wanda ba ɗan'uwansa ba? Akwai ma iyayen da za su fake da sunan karatun gida su bar yaro, musamman 'ya mace, ba allo ba boko. Hukumomi ma ba su yi baki ɗaya ba. Dokar ilimi ta Ingila ta 1944 ta ɗora wa iyaye nauyin ilmantar da yaro, ko a makaranta ko ta wata hanya, jihohin Amurka 50 duka sun halatta abin zuwa 1993, Jamus kuwa ta tilasta zuwa makaranta. Mu a ganinmu talaka ba shi da abin da ya fi makaranta mai kyau. Sai dai makarantar da ta raba yaro da idonsa da kuma ubansa ba ta kai a kira ta mai kyau ba.

Saboda haka muna roƙon malamanmu su sa rana ɗaya cikin mako, da la'asar in rana ta yi sanyi, wadda kowane ɗalibi mai gwajin koyarwa zai fita da ajinsa. Ba sai an nemi mota ko kuɗi ba. Marina tana nan, maƙera tana nan, ga fadama, ga kasuwa ranar cinta, inda lissafin mudu da tiya ya fi na allo wuya. A roƙi uban wani yaro, manomi ko masaƙi, ya yi bayanin aikinsa, malami ya koma gefe ya yi shiru, gobe yara su mayar da abin da suka gani da bakinsu kafin su rubuta. Wani zai ce yara 40 ba kamar 4 ba ne, za su watse. Gaskiya ne, mun kuwa yi tunaninsa: a raba su kashi huɗu, kowane kashi da babba a cikinsu, a kuma fara da wuri mafi kusa. Mu dai in an ba mu izini, da gawon bayan ajin nan za mu fara, yaron nan kuwa shi zai shige gaba.